Wa ke mulkin Turkana? Tambayoyi da amsoshi kan rabe-raben kaunti da shugabanninta a karkarar Kenya

Mai bin labaran Kenya a rediyo ba ya rasa jin an ce gwamnan wuri kaza ya faɗi magana, kwamishinan wurin ya musa, cif ya tara jama'a a gindin bishiya, dattawa kuma sun yanke nasu hukuncin. Sai mutum ya rasa wane ne babba a cikinsu. An amsa tambayoyin nan da misalin Turkana, yankin makiyaya da ke ƙuryar arewa maso yammacin ƙasar, domin a irin wannan wuri mai nisa da Nairobi ne ake gane ko tsari na aiki ko a takarda kawai yake.

Mece ce kaunti tukuna? Jiha ce ko ƙaramar hukuma?

Masu fassara labarai kan ce lardi, ko gunduma, ko ƙaramar hukuma, kuma kowacce ta ɗan kauce. Shi ya sa muka bar ta da sunan da 'yan Kenya ke kiran ta da shi a Swahili, wato kaunti. Matakan gwamnati biyu kacal ne a Kenya: gwamnatin ƙasa da gwamnatocin kaunti 47. Babu mataki na uku mai zaɓaɓɓen ciyaman irin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya. Kaunti tana da zaɓaɓɓen gwamna da majalisar dokoki, ta nan ta yi kama da jiha. Amma idan ka duba aikinta, kasuwa ce da shara da asibitin ƙauye da makarantar yara ƙanana da rigakafin dabbobi. Ba ta da kotu, ba ta da 'yan sanda, makarantun firamare da sakandare ma ba a hannunta suke ba. Rigar jiha ce a jikin ƙaramar hukuma.

Turkana ita ce kaunti mai lamba 23, hedikwatarta Lodwar. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 68,000 ne, ya ninka Jihar Kano sau uku da ɗoriya, ita da Marsabit ne mafi faɗi a ƙasar. Ƙidayar 2019 ta samu mutum 926,976 a cikinta. Ta yi iyaka da Yuganda da Sudan ta Kudu da Habasha, ga Tafkin Turkana ta gabas.

Me ya sa Kenya ta koma wannan tsari?

Saboda tsohon tsarin ya tara komai a hannu ɗaya. Kafin 2013 an kasa ƙasar larduna takwas, kuma daga kwamishinan lardi har mataimakin cif na ƙauye duk naɗin ofishin shugaban ƙasa ne. Turkana gunduma ce a Lardin Rift Valley, wanda hedikwatarsa ke Nakuru, ɗaruruwan kilomita daga Lodwar. A zamanin Turawan Birtaniya ma rufaffen yanki ne, ba a shiga ko fita sai da takardar izini. Nisansa da zafinsa ne suka sa aka kai Jomo Kenyatta, wanda ya zama shugaban Kenya na farko, kurkuku a Lokitaung, daga baya aka yi masa ɗaurin talala a Lodwar. Bayan samun 'yanci, manufar tattalin arziki ta 1965 ta fito fili ta ce a zuba jari a yankunan da ke da ruwan sama da albarkar noma, sauran su jira. Arewacin ƙasar ya yi ta jira, har ya zama mutumin can idan zai gangara kudu sai ya ce zai tafi Kenya.

Rikicin bayan zaɓen 2007, wanda ya ci rayuka sama da dubu, shi ya ƙara tabbatar wa mutane cewa muddin duk kuɗi da muƙami na hannun wanda ya ci kujerar shugaban ƙasa, kowane zaɓe zai zama na ko a mutu ko a yi rai. Aka amince da sabon kundin tsarin mulki a ƙuri'ar raba gardama, aka ƙaddamar da shi ranar 27 ga Agusta 2010. Gwamnonin farko an zaɓe su ranar 4 ga Maris 2013. Iyakokin kaunti kuwa ba sababbi ba ne, gundumomin da ke akwai a 1992 aka ɗauko aka sauya musu matsayi.

Yaya aka kasa Turkana?

Ta fuskar zaɓe, mazaɓun ɗan majalisar ƙasa shida ne, kowacce kuma an kasa ta mazaɓun kansila, waɗanda ake kira wadi. Jimillar wadi 30.

Turkana ta Yamma ce ke da mafi yawa, bakwai: Kakuma, Lopur, Letea, Songot, Kalobeyei, Lokichoggio da Nanaam. Turkana ta Arewa, wadda cibiyarta ke Lokitaung, tana da shida, har da Kibish da ke can ƙurya a Ilemi, yankin da aka daɗe ana ja-in-ja a kansa da Sudan ta Kudu. Turkana ta Tsakiya biyar gare ta, ciki har da garin Lodwar da Kalokol na masunta a bakin tafki. Turkana ta Kudu ma biyar, nan Lokichar take, inda aka samu man fetur. Loima huɗu, a kan iyakar Yuganda. Turkana ta Gabas uku kawai: Lokori/Kochodin, Katilia da Kapedo/Napeitom.

Ka lura da sunaye masu karan tsaye a tsakiya. Wurare biyu ne aka haɗa domin yawan mutanensu ya kai na wadi guda. A ƙasar da jama'a ke warwatse suna bin kiwo, wadi ɗaya kan yi faɗin da kansilan ba zai zagaye shi a yini ɗaya ba ko da mota.

Wani wuri na karanta cewa ƙananan kaunti shida ne, wani wuri bakwai, wani kuma 11. Wanne ne daidai?

Duka, ya danganta da wanda ke ƙirgar. A nan ne tsarin Kenya ke rikita baƙo, don tsani biyu aka jingina a bango ɗaya.

Tsani na farko na gwamnatin kaunti ne. Dokar 2012 ta ce a ƙarƙashin gwamna a samu mai kula da ƙaramar kaunti, sai mai kula da wadi, sai mai kula da ƙauye. Duk ma'aikata ne da hukumar ɗaukar ma'aikata ta kaunti ke ɗauka, ba zaɓar su ake yi ba. A wannan tsanin ƙaramar kaunti daidai take da mazaɓar ɗan majalisa, wato shida.

Tsani na biyu na gwamnatin ƙasa ne, kuma shi ne tsohon mulkin lardi da aka sake wa suna da dokar 2013. A sama akwai kwamishinan kaunti, sai mataimakansa a kowace ƙaramar kaunti, sai ƙananan mataimaka, sai cif mai kula da yankin da ake kira kata, sai mataimakin cif mai ƙaramar kata. Su ba ruwansu da gwamna, Ma'aikatar Cikin Gida suke kai wa rahoto. Gwamnatin ƙasa na iya ƙirƙiro sabuwar ƙaramar kaunti da sanarwa a jaridar gwamnati ba tare da an taɓa iyakar zaɓe ba. Da haka Kibish ta zama ta bakwai, daga baya aka ƙara Lokichoggio da Lokiriama da Aroo da Suguta suka cika 11. Lokacin da suke bakwai, kata 56 ne a ƙarƙashinsu da ƙananan kata 156.

'Yan siyasa na son a ƙara irin waɗannan yankuna, kuma ba a banza ba. Sabuwar ƙaramar kaunti na zuwa da ofishin 'yan sanda da ofishin katin shaida, sannan idan aka zo ɗaukar sojoji ko 'yan sanda ko malamai, ana raba guraben ne bisa ƙananan kaunti.

Shi cif ɗin nan sarki ne, ko hakimi, ko dagaci?

Ko ɗaya. Nan ne Bahaushe ya fi saurin yin kuskure, domin kalmar na sa ya hango rawani da fada da gadon sarauta. Cif na Kenya ma'aikacin gwamnati ne. Ana tallata gurbin, ya rubuta takardar nema, a yi masa tambayoyi, a ɗauke shi. Kakin gwamnati yake sawa, albashi yake karɓa, ana iya dakatar da shi ko a kore shi, idan ya cika shekara 60 ya yi ritaya. Ɗansa ba ya gadar kujerar. Mata ma suna riƙe ta.

Asalin abin daga Turawa ne. A ƙasar Hausa sun tarar da sarakuna da hakimai da alƙalai, suka yi mulki ta hannunsu. A Turkana da wasu sassa da dama na Kenya ba su tarar da sarki ko ɗaya ba, sai suka naɗa mutanen da za su karɓar musu haraji, suka ba su hula da iko. Gwamnatocin bayan 'yanci suka gaji tsarin suka ƙara masa ƙarfi, har ya zama a zamanin jam'iyya ɗaya ba a taro ko tara gudunmawa sai da izinin cif. Shi ya sa masu rubuta kundin 2010 da yawa suka so a soke shi baki ɗaya. Ba a soke ba, an dai ce a yi masa kwaskwarima cikin shekara biyar.

A ganina babu gwamnatin da za ta yarda ta rabu da shi, don a ƙauye shi ne idonta da kunnenta. Taron da yake kira, wanda ake ce wa baraza, nan ake sanar da rigakafi da ƙidaya da rabon abincin agaji. Saurayin da ke neman katin shaida wurin cif yake fara zuwa. Haihuwa ko mutuwar da aka yi a gida, mataimakin cif ne ke rubuta ta. Idan za a raba gado, kotu na son wasiƙar cif da ke nuna su wane ne magada. Idan aka kore shanu da dare, shi ake fara tasa daga barci. A ƙarƙashinsa akwai dattijon ƙauye, wanda ya fi kowa kama da mai unguwa, kuma shekara da shekaru yana aikin ba albashi.

Su wa ke riƙe da manyan kujerun?

Ranar zaɓe ɗan Turkana takardun ƙuri'a shida ake miƙa masa: shugaban ƙasa, gwamna, sanata, ɗan majalisar mazaɓa, wakiliyar mata, da kansila.

Gwamnan farko Josphat Nanok ne, ya yi wa'adi biyu daga 2013 zuwa 2022, iyakar abin da doka ta yarda ke nan, ya kuma taɓa shugabantar majalisar gwamnonin ƙasar. Jeremiah Lomorukai, tsohon ɗan majalisar Loima, ya gaje shi a Agustan 2022 a jam'iyyar ODM, bayan ya kayar da John Munyes, wanda shi ne sanatan Turkana na farko kuma tsohon ministan man fetur da ma'adinai. Mataimakin gwamna Dokta John Erus ne. A zaɓen na 2022 James Lomenen ya zama sanata, Cecilia Ngitit ta zama wakiliyar mata. Wani ɗan yankin, Ekwee Ethuro, shi ne ya fara shugabantar majalisar dattawa a sabon tsarin, daga 2013 zuwa 2017.

A zaɓen gwamna wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ba zagaye na biyu. Gwamna na naɗa 'yan majalisar zartarwa da ba su wuce goma ba, majalisar kaunti ta tantance su. Da Swahili waziri ake ce wa kowannensu, wazirin lafiya, wazirin ruwa, wazirin kiwo. Sanata kuwa ba ya mulkin komai a gida. Aikinsa a Nairobi yake, inda ake raba kuɗi tsakanin kaunti-kaunti, ake kuma kiran gwamnoni su yi bayanin yadda suka kashe. An taɓa yin doka a 2014 da ta ɗora sanatoci a kan kwamitocin raya kaunti, kotu ta rushe ta. Wakiliyar mata a majalisar wakilai take zama, kuma maza da mata duka ke zaɓen ta.

Mene ne aikin kansila, kuma mata na samun shiga?

MCA ake kiran sa a taƙaice, wato ɗan majalisar kaunti. Shi da 'yan uwansa ne majalisar kaunti: su yi doka, su amince da kasafin kuɗi, su tantance naɗe-naɗe, su sa wa gwamna ido. Ya fi kansilan da muka sani ƙarfi nesa ba kusa ba, tunda idan suka haɗa kai suna iya hana kasafi wucewa. A gida kuwa ba wanda ke tambayar sa wace doka ya kawo. Kuɗin makarantar yaro, motar kai mara lafiya Lodwar, injin rijiyar da ya lalace, su ake tare shi da su.

Kundin tsarin mulki ya ce kada jinsi ɗaya ya wuce kashi biyu cikin uku na majalisar. Tunda a wurare irin Turkana da ƙyar mace ke cin zaɓen wadi, sai jam'iyyu su cike giɓin da naɗaɗɗun mambobi gwargwadon kujerun da kowacce ta ci, a ƙara da wakilan matasa da naƙasassu. Shi ya sa yawan 'yan majalisar ya haura 30 sosai. Naɗaɗɗiyar mamba tana da ƙuri'a daidai da kowa, sai dai ba ta da wadi, kuma jam'iyyar da ta kawo ta na iya neman cire ta.

A aikace, wace matsala ake kai wa wa?

Ɗauki makiyayi a Lorengippi da ke mazaɓar Loima. Awakinsa suka kamu da ciwo, wannan na kaunti ne, ita ke da likitocin dabbobi da kasuwar dabbobi da mayanka. Matarsa za ta haihu, asibitin ƙauye da motar ɗaukar marasa lafiya da babban asibitin Lodwar duk na kaunti ne. Rijiyar burtsatse ma haka. Ɗansa ɗan shekara huɗu yana ajin share fage, malamar ma'aikaciyar kaunti ce. Da yaron ya shiga aji ɗaya, ko da a harabar makaranta guda ne, ya koma hannun gwamnatin ƙasa, malaminsa kuma na hukumar malamai ta ƙasa ne. Hanyar da ta bi ta ƙauyensu ta kaunti ce, babban titin da ya taso daga Kitale ya ratsa Lodwar ya nufi Lokichoggio da iyakar Sudan ta Kudu na ƙasa ne.

Sai ga ɗan majalisar mazaɓa da nasa asusun raya mazaɓa, wanda aka kafa tun 2003, yana gina azuzuwa da ofisoshin cif yana ba ɗalibai tallafi, ko da yake an sha kai asusun kotu kan cewa ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Idan fari ya zo kuwa, irin wanda aka yi daga 2020 zuwa 2023 da damina biyar a jere ta gaza (sau biyu ake damina a shekara a can), kowa na da hannu: kaunti, hukumar kula da fari ta ƙasa, coci-coci da ƙungiyoyin agaji. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma ranar da abu ya lalace kowa sai ya nuna ɗan uwansa.

Daga ina kuɗin ke zuwa?

Kusan duka daga Nairobi. Kundin tsarin mulki ya ce a ba kaunti-kaunti aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. A shekarar kuɗi ta 2021/22 jimillar ta kai shilin biliyan 370, Turkana ta samu sama da biliyan 12, wanda ya sa ta cikin waɗanda suka fi samu bayan Nairobi. Dalili shi ne ma'aunin rabon bai tsaya kan yawan jama'a ba, yana duba talauci da faɗin ƙasa, Turkana kuwa ta yi fice a duka biyun. Binciken hukumar ƙididdiga na 2015/16 ya nuna kusan mutum 79 cikin ɗari a can matalauta ne, babu kaunti da ta kai ta.

Ma'aunin nan shi ne abin faɗa. A 2020 majalisar dattawa ta yi ta zama tana tashi ba matsaya, 'yan yankunan da ke da cunkoso suna cewa mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, shilin ɗaya, 'yan arewa suna mayar musu da cewa kilomita ma a ƙirga ta. Ina ganin 'yan arewan na da hujja. Kai allurar rigakafi ga yara ɗari a unguwa guda da kai ta ga yara ɗari da ke warwatse a rugage tsakanin duwatsu ba kuɗi ɗaya ba ne.

Abin da kaunti ke tarawa da kanta daga kasuwa da lasisi da harajin filaye ɗan kaɗan ne. Saboda haka idan baitulmali ta yi jinkirin sakin kuɗi, kuma takan yi na watanni, sai albashi ya tsaya, 'yan kwangila su yi ta sintiri. Kuɗin kuma ba ya bi ta hannun wani gwamna na sama kamar yadda aka daɗe ana kuka da asusun haɗin gwiwa a Najeriya. Asusun kaunti yake shiga kai tsaye, sai dai ba a cire ko sisi sai mai kula da kasafi na ƙasa ya sa hannu. Doka ta ce aƙalla kashi 30 cikin ɗari ya tafi ayyukan raya ƙasa. Akwai kuma asusun daidaito, rabin kashi ɗaya cikin ɗari, don ruwa da hanya da asibiti da lantarki a yankunan da aka bari a baya, amma ya fi shekarunsa a takarda.

Ina dattawan gargajiya suka tsaya a duk wannan?

Su ne tsani na uku, wanda ba a zana shi a taswira. Mutanen ƙabilar Turkana ba su taɓa yin sarki ba. Magana a gindin bishiya ake yanke ta, inda maza ke zama bisa girman shekaru, kowa a kan ɗan kujerarsa ta itace da yake yawo da ita a hannu, wadda ita ce matashin kansa idan ya kwanta. Maza sun kasu gida biyu, Ngirisai, wato Damisu, da Ngimoru, wato Duwatsu. Ɗan Damisa Dutse ne, jikansa kuma ya koma Damisa. Ƙasar kiwo ma a rabe take tsakanin ɓangarori irin su Ngisonyoka a kudu da Ngikwatela da Ngilukumong ta wajen arewa maso yamma, kuma waɗannan iyakoki sun girme wadi da kata. Gidajen da ke tashi kiwo tare, waɗanda ake kira adakar, suna da jagororinsu. Akwai kuma emuron, mai duba, wanda a da ba a fita yaƙi ko a yi ƙaura sai an ji ta bakinsa.

Wa zai sha a rijiyar da wani ya haƙa a busasshen rafi, yaushe za a buɗe makiyayar rani, awaki nawa za a biya wanda aka yi wa rauni, duk a can ake gama su kafin cif ya ji. Shahararren misali shi ne sulhun Lokiriama na 1973 tsakanin Turkana da Matheniko na Yuganda, inda dattawa suka binne makamai a rami, kuma har yau ana taron tunawa da shi duk shekara. Dokar 2012 ta yi ƙoƙarin jawo su ciki da majalisar ƙauye mai dattawa uku zuwa biyar ƙarƙashin mai kula da ƙauye. Sai dai dattijon da ya cike fom aka ɗauke shi daban, wanda ake yi wa shiru idan ya miƙe a gindin bishiya daban, kuma ba kullum ake dace su zama mutum ɗaya ba.

Wa ke da alhakin tsaro?

Gwamnatin ƙasa, ba tantama. Kwamishinan kaunti ne ke shugabantar kwamitin tsaro, gwamna ba ya ba ɗan sanda ko ɗaya umarni. A ƙauyukan da ba caji ofis ana ba wasu mutanen gari bindiga da horo a matsayin 'yan sandan sa-kai, su ma a ƙarƙashin rundunar ƙasa suke. Amma idan aka kai hari aka kore dabbobi, gwamna da kansila ake zagi, don su aka zaɓa.

Wurin da ya fi zafi shi ne Kapedo. Turkana na ƙirga shi cikin wadinta, 'yan Pokot na Kaunti Baringo na cewa nasu ne. A can aka kashe 'yan sanda 21 a kwanton ɓauna a ƙarshen 2014. Gyara iyakar kaunti kuwa sai an kafa hukuma mai zaman kanta, sannan kashi biyu cikin uku na majalisun ƙasa biyu su amince, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka fara tsarin.

Sansanin Kakuma fa, a ƙarƙashin wa yake?

An buɗe shi a 1992, kuma shi da matsugunin Kalobeyei da ke kusa suna ɗauke da 'yan gudun hijira wajen 300,000, yawancinsu daga Sudan ta Kudu, sai Somaliya da Kwango da Burundi da Habasha. Sashen kula da 'yan gudun hijira na gwamnatin ƙasa ne ke tafiyar da shi tare da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mazauna sansanin ba sa zaɓen kansila ko gwamna, suna da nasu shugabannin unguwanni. A 2023 aka ba Kakuma matsayin gari mai hukumar gudanarwa a ƙarƙashin kaunti, kamar Lodwar, da nufin a riƙa yi wa baƙi da 'yan gari hidima tare.

Man fetur da ƙasar kiwo na wa ne?

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin ƙasa ne. A Maris 2012 Shugaba Mwai Kibaki ya sanar cewa kamfanin Tullow ya samu mai a rijiyar Ngamia kusa da Lokichar. Aka yi shekaru ana jayayya kan rabo kafin dokar 2019 ta tsayar: kashi 75 na gwamnatin ƙasa, 20 na kaunti, 5 na jama'ar wurin. An yi gwajin kai ɗanyen mai Mombasa da tankoki daga 2018.

Saman ƙasar kuwa yawancinsa na al'umma ne. Dokar 2016 ta ce duk ƙasar al'umma da ba a yi wa rajista ba, gwamnatin kaunti ce ke riƙe da ita amana, ba ta da ikon sayarwa. Don yin rajista sai jama'a sun zaɓi kwamiti na mutum bakwai zuwa 15, sun kuma shata iyaka. Ga manomi wannan da sauƙi. Ga wanda raƙumansa ke damina a nan su yi rani a Yuganda, shata iyaka kan zama sabuwar rigima da maƙwabcin da jiya suke shayarwa tare.

Ana iya tsige gwamna?

Ana iyawa. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar kaunti su goyi bayan gabatar da ƙudurin, kashi biyu cikin uku su amince, sai a tura wa majalisar dattawa ta yi shari'a. Ta haka aka cire Ferdinand Waititu na Kiambu da Mike Sonko na Nairobi a 2020, da Kawira Mwangaza ta Meru a 2024. A Turkana ba a taɓa cire gwamna ba.

Za a ƙara mazaɓu ko wadi nan gaba?

Yawan mazaɓun majalisar ƙasa a rubuce yake cikin kundin tsarin mulki, 290, don haka Turkana ba za ta samu ta bakwai ba sai an rage wa wani ko an gyara kundin. Wadi kuwa, da yanzu suke 1,450 a faɗin ƙasar, hukumar zaɓe ta IEBC na iya sake musu iyaka. Doka ta ce a duba iyakoki duk bayan shekara takwas zuwa 12. An yi na ƙarshe a 2012, wa'adin ya cika a Maris 2024 ba a yi ba, saboda hukumar ta zauna sama da shekara biyu ba kwamishinoni. Sai a Yulin 2025 aka rantsar da sababbi, kuma shugabansu, Erastus Ethekon, ɗan Turkana ne, tsohon babban lauyan gwamnatin kauntin. Babban zaɓe na gaba zai kama ranar Talata, 10 ga Agusta 2027.